Kilo Nawa Ne? Nauyin Jariri Da Halin Da Uwa Take Ciki A Birnin Zariya



Ina godiya ga Ƙungiya da ta ba ni dama in yi magana a kan abin da ba a saba tattaunawa a gaban samari ba, watau abubuwan da ke samun mace mai ciki har su sa ta haifi jariri marar nauyi. Ina roƙon 'yan'uwa mata su yi mini afuwa in na taɓa abin da al'ada ta lulluɓe da kunya, maza kuma kada su ce wannan zancen ɗaki ne, ba nasu ba.

A cikin birnin Zariya, in aka yi haihuwa, kafin ungozoma ta gama binne mabiyiya labari ya kai zaure. Duk wanda ya zo barka tambaya biyu yake yi. Ta fari, uwa ta sauka lafiya? Ta biyu, me aka samu? In an ce namiji a ce Allah ya raya, in an ce mace a ce Allah ya raya, daga nan sai zancen rago da goro da ranar suna. Akwai tambaya ta uku wadda ban taɓa jin an yi ta a zauren gidanmu ba: kilo nawa ne? Ita ce na zo da ita yau.

Dalilin da ya sa na damu da ita

Ina ɗalibi kamar ku aka yi wa ƙanwata aure, tana da shekara 15. Kafin shekara ta zagayo ta sami ciki. Da yake cikin fari ne, kunya ta hana ta faɗa, kunya ta hana mu tambaya. Da cikin ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki, cikin watan Satumba, ruwa na zuba, kududdufan unguwa sun cika, sauro kamar a ɗebe shi da kwano. Na gan ta ta yi fari fat, tafin hannunta kamar takarda, zazzaɓi ya tafi ya dawo, ana ta jiƙa mata sassaƙe. Na ga duk wannan da idona, na tattara littattafaina na koma makaranta ban ce uffan ba, domin a ganina ba aikin wa ba ne ya tsoma baki a maganar cikin ƙanwarsa.

Ta haihu da shigowar sanyi. Ɗa namiji, ɗan mitsitsi, kamar a rufe shi da tafi biyu. Ba a auna shi ba. Aka yi suna, aka yanka rago, aka ci aka sha. Kwana huɗu bayan suna ya daina kama nono, jikinsa ya yi sanyi, kafin a kai shi asibiti ya koma. Muka ce kwanansa ne ya ƙare, haka ne kuwa, ba mai ja da hukuncin Allah. Amma sai da na kai ajin da ake karanta wannan fanni na gane cewa duk abin da na gani a jikin yarinyar nan yana da suna a littafi, yana kuma da magani wanda kuɗinsa bai kai na ragon suna ba.

Mene ne ƙarancin nauyi?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran jariri marar nauyi idan aka haife shi bai kai giram 2,500 ba, watau kilo biyu da rabi. Wani likitan yara na ƙasar Finlan, Arvo Ylppo, shi ya fara kafa wannan iyaka a 1919. Da fari an ɗauka duk jaririn da ya gaza haka bakwaini ne. Daga baya, a 1961, masana na Hukumar suka raba abin gida biyu. Akwai bakwaini na ainihi, wanda ya fito kafin ciki ya cika mako 37. Akwai kuma wanda watanninsa suka cika sarai, amma ya sha yunwa a cikin mahaifa, ya fito a rame, fata ta yi masa yawa. Wani ma yakan haɗa duka biyun.

Haɗarin da ke kan irin wannan jariri a bayyane yake. Ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, saboda haka sanyi na kama shi nan da nan, balle a hunturun Zariya. Ba shi da ajiyar sukari a jiki, ga shi ba shi da ƙarfin tsotson nono. In bakwaini ne huhunsa bai nuna ba. Ƙwayar cutar da babban jariri zai shanye, shi sai ta kwantar da shi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na jariran da ke mutuwa a watansu na farko a duniya marasa nauyi ne.

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, jarirai miliyan 19.8 aka haifa da ƙarancin nauyi a 2020, watau wajen ɗaya cikin bakwai. A nan Nijeriya, binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya sami nauyin haihuwa na kashi 24 cikin 100 kaɗai na jarirai, kuma a cikinsu kashi 7 cikin 100 ne suka gaza kilo biyu da rabi. Kada wannan 7 ta ruɗe ku. Waɗanda aka auna su ne 'ya'yan matan da suka haihu a asibiti, alhali a shiyyarmu ta arewa maso yamma kashi 16 cikin 100 kaɗai na haihuwa aka yi a asibiti a lokacin. Ɗan ƙanwata da ire-irensa ba sa cikin lissafi.

Abin da aka gano a Zariya

Ba sai mun je Ingila ko Amurka neman hujja ba. Ɗaya daga cikin manyan binciken haihuwa da aka taɓa yi a Afirka a wannan gari aka yi shi. Daga Janairun 1976 zuwa Yulin 1979, Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta Jihar Ribas, wanda ke shugabantar sashen haihuwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da abokan aikinsa, suka rubuta bayanin kowace haihuwa da aka yi a asibitin koyarwa, sa'ad da yake Tudun Wada, kafin komawarsa Shika a 2005. Haihuwa 22,774 suka tattara a jere, ba su tsallake ko ɗaya ba. Aka buga sakamakon a 1985, ya cinye kundi guda na mujallar likitocin mata ta Ingila.

Mata 238 suka rasu a cikin waɗannan shekaru uku da rabi, fiye da 200 daga cikinsu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka ɗauko su. Jariransu ma haka: ƙarancin nauyi da mutuwar jarirai sun fi yawa nesa ba kusa ba a wajen matan da ba su yi awo ba. Haɗari ya taru a gefe biyu na rayuwar haihuwa, wajen 'yan mata masu shekara 15 zuwa ƙasa da ke ɗauke da cikin fari, da wajen matan da suka manyanta suka kuma yi haihuwa da yawa. Sai kuma abin da Farfesa Harrison ya ci gaba da nanatawa shekara da shekaru: matan da suka yi makaranta sun fi zuwa awo, sun fi tsira, 'ya'yansu sun fi rayuwa. Likita ne, amma da aka tambaye shi babban magani, ilmi ya nuna.

Abin da za mu ɗauka a nan shi ne, nauyin jariri ba a ɗakin haihuwa ake yin sa ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In ungozoma ta ɗora jariri a sikeli, abin da take karantawa shi ne yadda aka ciyar da uwarsa tun tana ƙarama, da shekarunta ranar da ta ɗauki ciki, da sauron da ya cije ta, da abin da aka rage mata a tukunya. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Ƙuruciyar uwa

Yarinya takan fara al'ada tun ƙashinta bai gama girma ba. Tsawo yana ci gaba, ƙugu kuma shi ke zuwa a ƙarshe, sai shekaru bayan fara al'ada yake gama buɗewa. In ta ɗauki ciki a wannan tsakani, jiki biyu ne masu girma suke cin kwano ɗaya, kowa na ja. Likitocin Zariya sun ga wannan da idonsu. Sun auna tsawon wasu 'yan mata masu shekara 13 zuwa 16 da ke da cikin fari, suka sake auna su bayan haihuwa. Da yawa daga cikin waɗanda aka ba maganin zazzaɓi da na ƙarin jini sun ƙara tsawo a cikin watannin cikin nan. Ma'anarsa, yara ne aka aiko ɗakin haihuwa, girmansu bai ƙare ba, cuta da ƙarancin abinci ne suka danne shi.

Ban zo in ba kowa fatawa a kan aure ba, wannan aikin malamai ne, kuma garin nan ba a rasa su, daga Kona har Juma. Ni sikeli na iya karantawa. Abin da yake nunawa shi ne cikin da aka ɗauka kafin shekara 18, musamman kafin 16, ya fi ƙarewa da bakwaini, da jariri ramamme, da jijjiga, da doguwar naƙuda. A binciken 2018 da na ambata, kashi 29 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a arewa maso yamma sun riga sun haihu ko suna da ciki. Babban asibitin da ke Ƙofar Gayan sunan Hajiya Gambo Sawaba yake ɗauke da shi, matar da aka aurar tana da shekara 13, ta kuma yi rayuwarta tana faɗa da aurar da ƙananan yara har ta rasu a 2001. Duk wanda ya kai matarsa can ya kamata ya tuna da wannan.

Sauro da ƙarancin jini

Wanda ya girma a Zariya ya sha zazzaɓin cizon sauro sau da yawa har jikinsa ya saba, ya sami wata irin garkuwa. Ciki yana karya wannan garkuwa, musamman cikin fari. Ƙwayar cutar tana shiga ƙwayoyin jini, su kuma su je su manne a jikin mabiyiya, wurin da abinci da iska ke ƙetarawa daga uwa zuwa ɗa. Sai hanya ta cushe, kamar magudanar da shara ta toshe. Abin tsoron shi ne mace tana iya yawo da wannan ba tare da jikinta ya yi zafi ba. Ita ba ta san tana ciwo ba, ɗan da ke cikinta yana ta ramewa.

Cutar kuma tana farfasa ƙwayoyin jini, ta haɗu da ƙarancin sinadarin ƙarfe da na folik asid a abinci, da tsutsar ciki, sai jini ya yi ƙasa. A 2018 an sami kashi 61 cikin 100 na masu ciki a Nijeriya da ƙarancin jini. Alamarsa ita ce wadda na gani a ƙanwata: farin ido, farin tafin hannu, kasala, haki in an ɗan yi tafiya.

A nan ma Zariya ta ba duniya darasi. Farfesa Alan Fleming, masanin jini, tare da Harrison da sauransu, sun gwada magunguna a kan Hausawa 200 masu cikin fari, aka buga sakamakon a 1986. Ranar da suka fara zuwa awo, kashi 45 cikin 100 nasu suna da ƙarancin jini. A cikin waɗanda ba su sami rigakafin zazzaɓi ba, kashi 18 cikin 100 jininsu ya yi mummunar faɗuwa. A cikin waɗanda suka samu, kashi 3 kaɗai. Jariran masu shan rigakafin kuma sun fi na sauran nauyi da giram 132 a tsakaice. Wani zai ce mene ne giram 132? Ga jaririn da ke bakin iyaka, shi ne bambancin wanda zai kama nono da wanda ba zai iya ba.

Kulorokwin da aka yi amfani da shi a wancan gwaji ya daina aiki, Nijeriya ta ajiye shi a 2005. Rigakafin da ake ba masu ciki shi ne maganin da jama'a suka sani da Fansidar, ƙwaya uku a tashi ɗaya, daga mako na 13, wata wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, a sha a gaban ma'aikaciyar awo. Tare da shi akwai gidan sauro mai magani, da ƙwayar ƙarin jini kullum. Kashi 17 cikin 100 kaɗai na masu ciki suka sami rigakafin sau uku a 2018, ya hau zuwa 31 a 2021. Watau har a lokacin, biyu cikin uku ba su samu ba.

Abinci da tsoron babban ɗa

A gidajenmu da yawa, maigida ake fara zuba wa tuwo, da naman da ke cikin miya, sai baƙi, sai yara, mai ciki ta ci abin da ya rage a tukunya bayan ta yi daka, ta yi tankaɗe, ta yini a bakin murhu. In amarya ce a gidan surukai, kunya ma ba za ta bar ta ta ce ba ta ƙoshi ba. Ga kuma tsoron zaƙi, wanda ke sa a hana ta wasu abinci, a ɗura mata jiƙe-jiƙe masu ɗaci waɗanda ba wanda ya san ƙarfinsu.

Akwai wani tsoro da ya fi wannan, kuma ba zan yi masa dariya ba domin yana da tushe. Tsofaffinmu sun ga yarinya ta kwana uku tana naƙuda, ɗa ya mutu a ciki, ita ta tashi da yoyon fitsari. Saboda haka suke ganin gara ɗa ya zo ƙarami ya fita da sauƙi. Amsar wannan ta zo daga Gambiya. A wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 28, aka buga shi a 1997, an riƙa ba masu ciki wani biskit na gyaɗa da garin shinkafa da sukari da man gyaɗa, daga tsakiyar ciki har haihuwa. Nauyin jarirai ya ƙaru da giram 136 a tsakaice, da damina kuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aikin gona ya yi yawa, ya ƙaru da giram 201. Haihuwar gawa da mutuwar jarirai a makon farko suka ragu. Kewayen kan jariri kuwa, wanda shi ke tokarewa a ƙugu, milimita 3 kacal ya ƙaru. Ashe abinci jiki yake cikawa, ba ya kumbura kai. Abin da ke kawo doguwar naƙuda shi ne ƙugun da bai gama girma ba, ko wanda yunwar ƙuruciya ta tsuke. Maganinsa a ciyar da yarinya tun tana ƙarama, a bar ta ta girma, in naƙuda ta zo a kai ta inda za a iya yi mata aiki in ta kama.

Ba wani abincin Turawa ake nema ba. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, nono da ƙwai, kifi ko nama gwargwadon hali, awara, zogale da alayyafo da rama, miyar kuka da daddawa, duk suna kasuwar birni. A ƙara mata kwano ɗaya a kan abin da ta saba ci. Lemo da gwaiba suna taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, shayi kuwa yana hanawa, saboda haka kada a haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da shi. Game da azumi, malamanmu sun san shari'a ta yi wa mai ciki rangwame, in ta ji tsoro ga kanta ko ga abin da ke cikinta ta sha ta rama daga baya. Kunya ce ke hana matanmu karɓar wannan sauƙi, aikin miji ne ya ƙarfafa mata.

Hawan jini, kwanika da sauransu

Bayan mako 20, wasu masu ciki jininsu kan hau ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya suna tsukewa, ɗa ya daina girma, wani lokaci mabiyiya ta ɓalle tun kafin naƙuda. Ciwon kai mai tsanani, da ganin dishi-dishi, da kumburin fuska da hannu, su ne gargaɗi. In ba a kula ba sai jijjiga, wadda sau da yawa akan ɗauka iska ce, a tsaya turare har lokaci ya ƙure. Ya fi kama mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda ta manyanta. Ba a gane shi da ido, sai da abin awon jini, aikin minti biyu.

Sai kwanika. Ciki da shayarwa suna kwashe ajiyar jikin mace, tana bukatar lokaci ta mayar. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sami wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, kakanninmu kuma suna ganin abin kunya ne mace ta yi ciki da goyo a baya. Mu 'yan zamani ne muka saki wannan ba mu kama wani abu a madadinsa ba.

Akwai sauran abubuwa da zan ambata a taƙaice. Tagwaye, waɗanda kusan rabinsu ko fiye ba sa kai kilo biyu da rabi. Amosanin jini, watau sikila, a ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da irinsa. Ciwon mafitsara, da tunjere, da cuta mai karya garkuwar jiki, waɗanda duk ana gano su da gwajin fitsari da na jini a wajen awo, ana kuma maganinsu. Hayaƙin itace a madafi marar taga, inda mai tuyar ƙosai ko ƙuli-ƙuli take yini, da hayaƙin tabar maigida a ɗaki. Sai aiki mai nauyi har ranar haihuwa.

In an riga an haife shi ƙarami

Ba a fid da rai. A 1978, a birnin Bogota na Kolombiya, Likita Edgar Rey, da ya ga kwalaben renon bakwaini sun yi wa asibitinsa kaɗan, sai ya sa iyaye mata su ɗaura jariransu a ƙirji, fata da fata, dare da rana, suna ba su nono. A wani gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, aka buga shi a 2021, fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin 100. Matanmu gwanayen goyo ne, abin da ake nema kawai a juyo da shi gaba, a sa wa jariri hula, a jinkirta wanka aƙalla kwana ɗaya, a ba shi nonon fari kada a zubar, a kuma kai shi a duba shi tun bai daina tsotso ba.

Amma ko ya rayu, abin yakan bi shi. A 1989 Farfesa David Barker ya bi tsofaffin littattafan ungozomomi na lardin Hertfordshire a Ingila, waɗanda aka fara rubutawa a 1911, ya ga mazan da suka fi rashin nauyi suna jarirai sun fi mutuwa da ciwon zuciya da suka manyanta. Bincike na baya ya haɗa da hawan jini da ciwon sukari. In kuwa mace ce, takan tashi gajera, ta zama ƙaramar uwa, ta haifi ƙaramin ɗa, abin ya yi ta zagayawa. A 2012 Babban Taron Lafiya na Duniya ya ƙudura rage ƙarancin nauyi da kashi 30 cikin 100 kafin 2025. Ba a cim ma wannan ba, aka ɗaga wa'adin zuwa 2030.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Jama'a, ku ne 'yan bokon gidajenku. In kuka je hutu ku ake kawo wa takardar asibiti ku karanta, in kun fara ɗaukar albashi ku ake jira ranar suna. Saboda haka ina da roƙo biyar.

Na ɗaya, duk mai ciki a gidanku ta fara awo a wata uku na farko, kada a jira ciki ya fito. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce zuwa takwas. A cikin birni mace ba ta fita sai da izini, ba ta zuwa sai da kuɗin mota. Izinin nan da kuɗin nan a hannun maza suke. In nauyin baki ya hana ka magana da ƙanwarka, ka yi da gwaggo ko inna, su sun san hanyar.

Na biyu, ku tsaya wa ƙannenku mata su gama makaranta. In an riga an yi aure, ku yi magana da mijin, cikin ladabi, a jinkirta cikin fari har jikinta ya ƙosa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata, ba wanda ya isa ya ce karatun mace baƙon abu ne a ƙasar Hausa.

Na uku, kafin ka tanadi kuɗin rago, ka tanadi na ƙwai da nono da gidan sauro. Ka duba da idonka abin da ake zuba wa matarka.

Na huɗu, ko a gida aka haihu, a kai jariri a auna shi a ranar, ko a Babban Dodo, ko a cibiyar lafiyar yara ta Banzazzau, ko a Ƙofar Gayan, ko wurin da ya fi kusa. A rubuta nauyin a kati a adana.

Na biyar naku ne, ma'aikata. Wata rana fayil zai zo teburinku, na sayen sikeli, ko na maganin masu ciki, ko na yashe magudanun birni, ko na albashin ungozoma. Kada ya kwana a ƙarƙashin wani. Ku tuna akwai mai ciki a bayan kowace takarda.

Ƙanwata tana nan da ranta. Bayan shekara uku ta sake samun ciki, wannan karon ni na biya kuɗin mota, mijinta ya raka ta awo, ta sha magungunanta. Ta haifi 'ya mace mai kilo uku da ɗoriya, na ga katin da idona. Har yau ba mu taɓa zancen na farkon da ita ba, ɗan fari ne, ba ta ambatar sunansa. Ni dai na san abin da na gani a watan Satumban nan na yi shiru.

In kun je barka nan gaba, ku tambayi lafiyar uwa, ku tambayi abin da aka samu, sa'an nan ku ƙara da ta ukun. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.